Muryar Ango a Bakin Ƙofa: Yadda Za Mu Karanta Waƙar Waƙoƙi

  Wanda Littafi Mai Tsarki yake kusa da shi, sai ya ɗauko, ya buɗe tsakiya, ya wuce Zabura da Misalai da Mai-Wa'azi. Kafin ya kai Ishaya zai tarar da wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Waƙar Waƙoƙi. A kansa za mu yi nazari yau.

Wata uwa daga wajen Zonkwa ce ta jawo wannan magana. Ta rubuto mana cewa a gidansu suna karanta sura ɗaya kowace safiya wurin addu'ar iyali, tun daga Farawa, ba su taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ranar da suka iso wannan littafi, ɗansu mai shekara 14 ne yake karatu. Yaro bai gama aya ta biyu ba sai ga maganar sumba. Maigida ya yi gyaran murya, ya ce a juya zuwa Ishaya. Mama tana tambaya, shin sun yi laifi? Me kuma ya kawo waƙar saurayi da budurwa cikin Maganar Allah?

Mama, mun gode, kuma ba gidanku kaɗai ba ne. Da yawanmu mun yi shekara talatin muna zuwa majami'a, ba mu taɓa jin an yi wa'azi daga wannan littafi ba sai dai aya ɗaya ko biyu a ranar ɗaurin aure. Mu mutane ne masu kunya, ko Bajju ne mu, ko Atyap, ko Ham, ko Agworok. Miji da mata ba sa nuna so a gaban yara. Kunyar nan abu ne mai kyau. Amma Bulus ya tabbatar wa Timoti cewa babu wani ɓangare na Nassi da bai fito daga wurin Allah ba, babu kuma wanda ba shi da amfani (2 Timoti 3:16). In haka ne, ba mu da iko mu rufe shafin da Allah ya bari a buɗe.

Wane irin littafi ne?

Sura 8 ne, aya 117. Mai karatu a hankali zai gama shi cikin kamar minti ashirin. Sunansa salon Ibraniyanci ne. Kamar yadda Sarkin sarakuna yake nufin sarkin da ya fi duka, haka Waƙar Waƙoƙi take nufin waƙar da ta fi kowace waƙa. Aya ta fari ta haɗa ta da sunan Sulemanu, wanda 1 Sarakuna 4:32 ta ce ya yi waƙoƙi 1,005.

Abin da yakan rikita mai karatu shi ne muryoyi. Akwai muryar mace, akwai ta namiji, akwai kuma ta 'yan matan Urushalima masu amshi. Macen ce ta fi magana. Ba labari ne da ake bi daga fari zuwa ƙarshe kamar na Rut ba. Ya fi kama da daren da ake raka amarya, ƙawaye su rera, abokan ango su amsa, wata waƙa ta ƙare wata ta tashi. Saboda haka a kowace aya mu fara tambayar kanmu, wa yake magana, da wa kuma yake yi? Wani abu kuma, ba a ambaci sunan Allah a sarari ba cikin littafin, kamar dai littafin Esta. Ba maganar haikali, ba hadaya, ba doka. Sai gonar inabi, da kurciya, da barewa, da turare, da mutum biyu masu neman juna.

Mu fara da abin da yake a fili

Kafin mu yi gaggawar neman ma'ana ta ruhaniya, dole mu yarda da abin da idonmu ya gani. Waƙar ƙauna ce tsakanin namiji da mace, kuma Allah bai ji kunyarta ba. Shi ya kawo Hawwa'u wurin Adamu a Farawa sura 2. Sha'awar miji ga matarsa da ta mata ga mijinta ba daga Shaiɗan ta fito ba. Shaiɗan dai yana sace ta ya kai ta inda bai kamata ba. Akwai gidajen masu bi da yawa inda maigida bai faɗa wa matarsa kalma mai daɗi ba tun shekarar da aka ɗaura aurensu. In abinci ya yi gishiri zai yi magana, in ya yi daɗi sai ya yi shiru. Irin wannan maigida yana bukatar sura ta 4 ta koya masa magana.

Ga matasa kuma akwai gargaɗi. Sau uku, a 2:7 da 3:5 da 8:4, amarya tana roƙon ƙawayenta kada su tada ƙauna tun lokacinta bai yi ba. Mun san samari da suke kwafe ayoyin littafin nan suna aika wa 'yan mata ta waya, amma ba mu taɓa jin wanda ya aika waɗannan uku ba. Kada mu manta kuma da ƙarshen Sulemanu kansa. Ya tara mata 700 da ƙwaraƙwarai 300, suka juya zuciyarsa daga Ubangiji (1 Sarakuna 11). Iya waƙar ƙauna daban, riƙon amana daban.

To, me ya sa muke jin kiran Allah a ciki?

Domin tun daga annabawa Allah ya zaɓi aure ya zama hoton abin da ke tsakaninsa da jama'arsa. Ya umarci Hosiya, wanda wasu juyi suke kira Yusha'u, ya auri mace marar aminci, domin Isra'ila ta ga kanta a madubi. A Ishaya 54:5 Mahalicci ya kira kansa mijin jama'arsa. A Irmiya 2:2 yana tuna musu kwanakin amarci a jeji, sa'ad da suke binsa da zuciya ɗaya. A Sabon Alkawari, Yohanna Mai Baftisma ya ɗauki kansa abokin ango (Yohanna 3:29). Yesu ya kira kansa ango da aka tambaye shi zancen azumi (Markus 2:19). Bulus ya ce asirin aure yana nuna Kristi da ikkilisiya (Afisawa 5:32). Littafi Mai Tsarki kuma ya rufe da bikin auren Ɗan Rago a Ru'ya ta Yohanna 19. Wanda ya san waɗannan wurare, in ya dawo Waƙar Waƙoƙi ya ji ango yana kira, zai gane muryar.

Ba mu muka fara wannan karatu ba. Yahudawa suna karanta littafin a Idin Faska har yau, suna tuna yadda Allah ya fito da su daga Masar. Da wasu malamansu suka yi shakkar littafin, wani babbansu mai suna Akiba ya tsaya ya ce ya fi sauran rubuce-rubuce tsarki. Orijin, malamin ikkilisiya daga Iskandariya ta ƙasar Masar, wato ɗan Afirka ne kamarmu, ya rubuta dogon sharhi a kansa a ƙarni na 3. Ya kuma ba da shawara cewa wanda bai yi girma cikin bangaskiya ba ya dakata tukuna. Barnad na Kilabo a Faransa ya yi wa'azi 86 a kan littafin, ya mutu a 1153 bai wuce farkon sura ta 3 ba. Hudson Taylor, mai bishara a ƙasar Sin, shi ma ya rubuta ɗan littafi a kansa.

Amma a yi hankali. Mun taɓa jin mai wa'azi yana cewa haƙoran amarya dattawan ikkilisiya ne, gashinta kuma ƙungiyar mawaƙa. Jama'a suka yi ta tafi. Wannan wasa ne da Nassi. Ka'idar da muke bi ita ce, kada a ɗora wa wata aya ta waƙar nan koyarwar da ba a faɗa a sarari a wani wuri cikin Littafi Mai Tsarki ba. Ku kuma iyayenmu maza da kuke jin nauyin a kira ku amarya, ku kwantar da hankali. Ikkilisiya gaba ɗaya ce amaryar, maza da mata, tsoho da yaro.

Wadda rana ta ƙona

Mu dubi 1:5-6. Yarinyar nan ba 'yar fada ba ce. Ta gaya wa 'yan matan birni kada su raina ta don fatarta ta yi baƙi, gama rana ce ta dafa ta. 'Yan'uwanta maza sun yi fushi da ita, suka sa ta tsaron gonakinsu, har ta rasa lokacin kula da tata gonar.

Wa bai san wannan yarinya ba a ƙasarmu? Ita ce wadda take fita da asuba zuwa gonar citta, ta dawo da itace a kai, ƙafa ta tsage, hannu ya yi kanta. Ita ce kuma hoton mu kanmu. Mu ƙananan kabilu ne. An daɗe ana kiranmu da sunayen da ba mu muka raɗa wa kanmu ba, ana yi wa harsunanmu dariya a kasuwa, har wasu 'ya'yanmu in sun je Kaduna ko Abuja sukan ɓoye garin da suka fito. Maganar Allah ma da yawanmu da Hausa muka fara jinta, tun da aka buga Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Amma ku karanta ku gani, ango bai ce ta je ta yi fari tukuna ba. Bai ce ta koyi maganar birni ba. A yadda ya same ta ya kira ta kyakkyawa. Wannan ita ce bisharar da ke Romawa 5:8, cewa Kristi ya mutu dominmu tun muna cikin zunubi. 'Yan matanmu masu kashe kuɗi a kan man canza fata, ku ma ku tsaya a kan ayar nan ku yi tunani.

Akwai kuma zancen gonar da ba a kula ba. Wannan ya shafe mu ma'aikatan ikkilisiya fiye da kowa. Fasto yana taron kwamiti, mama tana Zumuntar Mata, ɗa yana koyon waƙa, kowa yana tsaron gonar wani. Ranar Litinin zuwa Asabar akwai taro. Amma yaushe rabon da mu zauna mu kaɗai da Ubangiji, ba don shirya wa'azi ba, ba don roƙon kuɗin makaranta ba? Ikkilisiyar Afisa ta yi aiki ƙwarai, ta jure wahala, duk da haka Yesu ya ce ta saki ƙaunarta ta fari (Ru'ya ta Yohanna 2:4).

Kira na fari: lokaci ya yi

A 2:8-14 amarya tana cikin ɗaki, sai ta ji ango yana zuwa a guje ta kan duwatsu. Ya tsaya a bayan bango, ya leƙa ta taga, ya kira ta ta fito su tafi tare. Dalilin da ya ba ta shi ne sanyi ya wuce, ruwan sama ya ɗauke, furanni sun fito.

A nan manomi na Kagoro zai yi mamaki. Yaya ruwa zai ɗauke sannan furanni su fito? Dalili shi ne shekararsu ba kamar tamu take ba. A ƙasar Isra'ila ruwa yana sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Sa'ad da ya ɗauke ne ƙasa take yin kore, ɓaure da inabi su toho. A wurinmu sanyin hunturu busasshe ne, sai ruwan fari ya sauka wajen Afrilu ƙasa take farfaɗowa. Don haka in muna so mu ji abin da amarya ta ji, mu tuna da safiyar da ta biyo bayan ruwan fari, ƙurar rani ta kwanta, ƙasa tana ƙamshi, kowa ya ɗauki fartanya. Ranar nan ba mai kwana har hantsi. Wanda ya ce sai wata mai zuwa, ya san abin da zai tarar a rumbu.

Kiran Allah yana da lokaci. Mu lura kuma, ango ne ya zo, ba amarya ce ta hau dutse nemansa ba. Haka bishara ta iso mana. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shigowa ƙasar nan. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba. Amma a 1910 mishan ɗin da ya fito daga aikinsu, wato SIM, ya kafa tasha a Kwoi, daga baya kuma aka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Kagoro. Kakanninmu da suka ji kiran suka fita da ƙafa zuwa ƙauyuka, wasu iyayensu suka kore su daga gida saboda sun bar tsafi. Mu jikokinsu mun gaji majami'u masu rufin kwano. Tambaya ita ce ko mun gaji kunnen da ya ji muryar.

Nan da nan bayan kiran, aya ta 15 ta kawo zancen ƙananan dabbobi masu ɓata gonar inabi tun tana fure. Ba zaki ba ne, ba giwa ba. Manoman citta sun san wannan darasi da hawaye. A daminar 2023 cuta ta shiga gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye. Ganye ya fara yin rawaya kaɗan kaɗan, kafin mutane su farga saiwa ta ruɓe a ƙasa, waɗanda suka ci bashi suka shuka suka tashi hannu wofi. Haka ƙaramin tsegumi yake, da ɗan ƙoƙon burkutu ranar kasuwa, da gaba tsakanin 'yan'uwa a kan iyakar gona, da laya da aka ɓoye a ƙarƙashin katifa don ko-ta-kwana.

Kira na biyu: ƙwanƙwasa da dare

Wurin da ya fi taɓa zuciya shi ne 5:2-8. Dare ya yi, amarya ta kwanta. Ango ya zo yana ƙwanƙwasa ƙofa, raɓa ta jiƙe masa kai. Ba ta ce ba ta son shi ba. Abin da ta ce kawai shi ne ta riga ta tuɓe riga, ta wanke ƙafa, tashi zai yi mata wuya. Da zuciyarta ta motsa ta tashi ta buɗe, ya riga ya tafi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, yawancinmu ba mu taɓa ce wa Yesu ba ma son shi ba. Cewa muke yi ya bari mu gama girbi, ya bari yara su gama makaranta, ya bari mu yi ritaya. Mukan karanta Ru'ya ta Yohanna 3:20, inda Yesu yake tsaye a bakin ƙofa, a wurin taron bishara domin waɗanda ba su tuba ba. Amma a duba da kyau, wa aka rubuta wa? Ikkilisiyar Lawudikiya ce, mutane masu baftisma, masu ganin ba su rasa kome ba. Ƙofar masu bi ce aka rufe masa.

Amarya ta fita cikin dare tana nemansa. Masu gadin birni suka same ta, suka yi mata duka, suka ƙwace mayafinta. Waɗanda aka sa su tsare ta su suka ji mata ciwo. Ba za mu ɓoye ba, akwai masu sauraronmu da suka daina zuwa sujada domin wani shugaba ya ci musu mutunci, ko an yi musu horo ba da gaskiya ba, ko an nuna musu bambancin kabila a cikin gidan Allah. Abin da aka yi muku ba daidai ba ne, kuma masu gadi za su ba da lissafi. Amma ku dubi yarinyar nan. Da rauninta ba ta koma ta kulle ƙofa ba. Da ƙawaye suka tambaye ta me ango ya fi sauran maza da shi, sai ta shiga yabonsa tun daga kai har ƙafa, har su ma suka ce za su taya ta nema (6:1).

Akwai kuma wani abu da ya kamata a sa wa alama da biro. A 2:16 ta fara da cewa ango nata ne, sannan ita tasa. A 6:3, bayan daren wahala, ta juya maganar, ta sa zamanta tasa a gaba. A 7:10 ba ta ma ƙara zancen abin da yake nata ba, sai murnar cewa shi yana marmarinta. Sabon mai bi yakan fara da lissafin abin da Yesu zai ba shi, kuma Ubangiji ba ya ƙin wannan. Amma ba a nan ake tsayawa ba.

Ruwa da wuta

A 8:6-7 an kwatanta ƙauna da mutuwa wajen ƙarfi, an kuma kwatanta ta da wutar da ambaliya ba ta iya kashewa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da Matsirga a watan Agusta, ya ji rugugin ruwan yana faɗowa daga dutse, ya san ba wutar da za ta tsaya a gabansa. Nassi ya ce akwai ɗaya.

Ruwa ya bi ta kanmu a ƙasar nan. Rikicin Maris 1987 a Kafanchan ya fara, ya bazu har Zariya da wasu garuruwa. Na Zangon Kataf ya zo a 1992. A Afrilu 2011, bayan zaɓe, kasuwar Kafanchan ta ƙone, Zonkwa ta ga jini. Bayan haka ƙauyuka da yawa sun kwana a daji saboda masu kai hari da dare. Kirista sun binne nasu, Musulmi ma sun binne nasu. Abin da muke tsoro ba ƙonewar gini ba ne kawai, gama an sake gina majami'u da yawa sun fi na dā girma. Muna tsoron abin da Yesu ya faɗa a Matiyu 24:12, cewa yawan mugunta zai sa ƙaunar mutane da yawa ta huce. Mutum yana iya riƙe sunan Kirista da ƙarfi, ya sa gicciye a wuya, alhali zuciyarsa ta cika da ƙiyayyar maƙwabcinsa. In haka ta faru, ruwa ya kashe wutar ke nan ko da majami'a ta cika maƙil. Angon da yake kiranmu shi ne wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara. Ba mu ce abu ne mai sauƙi ba, musamman ga gwauruwar da ta ga abin da ta gani. Wutar ba tamu ba ce, daga wurinsa take, shi ya sa muke roƙonta kowace rana.

Ƙarshen aya ta 7 ya ce wanda ya kawo dukiyar gidansa duka don ya sayi ƙauna, raini zai sha. Masu koya wa mutane cewa yawan baiko ne yake jawo ƙaunar Allah, su karanta wannan. Iyayen da suke tsawwala sadaki har yara su gaji su zauna tare ba aure, su ma su karanta.

Yanzu mu koma wurin Mama ta Zonkwa. Mama, ba ku yi zunubi ba da kuka dakata ranar nan, amma kada ku bar shi ke nan. Ke da Baba ku fara karanta littafin duka ku biyu, bayan yara sun kwanta. Sura ta 4 da ta 7 ku riƙe su tsakaninku. A wurin addu'ar iyali ku karanta 2:8-15, da 5:2-8, da 8:6-7, ku haɗa kowanne da ayoyin Sabon Alkawari da muka ambata. Ɗanku mai shekara 14 kuwa, Baba ya zauna da shi su yi magana irin ta uba da ɗa a kan 8:4, gama in bai ji daga bakin Baba ba, zai ji daga bakin abokai.

Kafin mu sake saduwa, kowane gida ya karanta Hosiya sura 1 zuwa 3, domin a can za mu ci gaba. Ubangiji ya tsare ku, sai mako mai zuwa in ya bar mu da rai.